Shawarwarin da aka bayar kan hawan Chappal Waddi

Da abokai suka zauna tattauna bin sabuwar hanya zuwa ƙolin Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419 a kan iyakar Taraba da Kamaru, magana ta fi tsawo a kan lokacin tafiya. Waɗanda suka taɓa zuwa sun ce a bari sai rani, tsakanin Disamba da Maris. Da damina rafuka kan cika, ƙasa ta yi santsi, hazo kuma ya rufe hanya har mutum ya kasa ganin na gabansa. Sai dai sanyin dare a can ba irin na Kano ba ne, don haka bargo da rigar sanyi dole ne.

Batun ɗan jagora bai ɗauki lokaci ba. Dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, sai a fara neman izini a ofishinsu da ke Serti, a kuma tafi da ma'aikacin gandun. Na fi yarda da wanda ya ce a riƙa gaisawa da makiyayan da ke tuddan, domin su suka san inda ruwa yake.

An yi saɓani kan takalmi, amma kowa ya amince kada a sa sabo. A dafa ruwan rafi kafin a sha, a riƙe dabino, ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Marar sauri shi za a sa gaba, kuma idan la'asar ta yi ba a kai ƙoli ba, a juyo masauki.