Izinin zaman ritaya a Tailan zai ƙare kafin ranar jirgi, ina mafita?

Alhaji Mai Ritaya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ni da uwargida mun tsai da magana za mu tattara namu ya namu mu koma gida. Izinin zamana na ritaya ne, irin na shekara guda da ake sabuntawa, zai ƙare ranar 9 ga Afrilu. Nata a ƙarƙashin nawa yake, rana ɗaya suke ƙarewa. Jirginmu kuwa sai 20 ga Afrilu daga filin jirgin Suvarnabhumi, don sai 18 ga wata masu jigila za su kwashe kaya mu miƙa wa mai gida makulli. Kwana 11 ke nan a tsakani. Wani ya ce min in je in biya a ƙara min wata guda. Haka ne? A Bangkok muke, fasfonmu na Najeriya ne.

Malam Ɗan Jomtien: Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya faɗa muku haka ya haɗa abu biyu ne. Ƙarin kwana 30 na masu bizar yawon buɗe ido ne da waɗanda suka shigo ba biza. Mai zaman ritaya ba ya cikinsu.

Abin da ake ba irinku shi ne kwana 7, kuma shi ma in an bi diddigi ba ƙari ba ne. Za ku je ofishin shige da fice ku cika fom TM.7, ku liƙa hoto mai santimita 4 da 6, ku haɗa da kwafin fasfo, ku biya baht 1,900 (baht shi ne kuɗin Tailan). Jami'i ya karɓa, ya ga ba ku kawo shaidar kuɗin da ake nema don sabunta shekara ba, sai ya buga hatimi a fasfo cewa ba a amince da buƙatar ba, ku bar ƙasar cikin kwana 7. Kuɗin ba ya dawowa. Hajiya ma sai ta cika nata ta biya nata, 3,800 ke nan ku biyu. To ku lissafa: ko da daga ranar 9 aka fara ƙirgawa, 16 ga wata za ta kai ku. Saura kwana 4 a sarari. Kuma ofisoshi sun bambanta, akwai inda daga ranar da aka buga hatimin ake fara ƙirga, shi ya sa masu wannan hanyar ba sa zuwa da wuri, sai ranar ƙarshe ko ana gobe.

Autan Zaure: Baba, ni a ganina abin bai kai a wahala ba. Tarar wuce wa'adi baht 500 ce a kwana, ba ta wuce 20,000. Kwana 11 ɗinku 5,500 ne kowane mutum. A filin jirgi akwai teburin da ake biya, a ba ku rasit, ku wuce. Haramcin shiga ƙasa sai an haura kwana 90 yake farawa. Wani abokin aikina ya yi haka, ba abin da ya same shi.

Kawu Mai Duwatsu: A'a ɗana, kar ka ɗora dattijo da iyalinsa a kan wannan hanyar. Abin da ka faɗa gaskiya ne, amma rabinta ne. Kwana 90 ɗin ga wanda ya kai kansa filin jirgi ne da ƙafarsa. Wanda aka kama a hanya lissafinsa daban: tun 20 ga Maris 2016, in an kama ka da wuce wa'adin da bai kai shekara ba, haramcin shekara 5 ne, ko kwana ɗaya ne kuwa. In ya haura shekara, 10 ce. Kafin nan akwai kotu, akwai wurin tsare baƙi na Suan Phlu, kuma kai za ka sayi tikitin da za a fitar da kai. Dokar shige da fice ta 1979 ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2.

Na taɓa ganin wani bawan Allah a shingen 'yan sanda da dare, muna mota ɗaya daga Chanthaburi. Ɗan sanda ya haska tocila a shafin fasfonsa, ya bi kwanan watan da yatsa, ya ce ya sauko. Yana ta nuna musu tikitin jibi a waya, ba wanda ya kalla. Jakarsa ce kawai ta ƙarasa Bangkok tare da mu.

Sannan ku dubi kwanakin da Alhaji ke magana. Songkran, bikin sabuwar shekarar Tailan, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ne, lokacin da shingaye suka fi yawa a tituna saboda haɗurran mota. Kuma daga 18 zuwa 20 a otal za su kwana, otal kuwa dole ya karɓi fasfo ya kai rahoton baƙi na TM.30. Mu da muke ɗauke da koren fasfo, an fi tsai da mu a duba, kowa a nan ya sani.

Autan Zaure: Na ji, Kawu. Ban san na wanda aka kama daban ba ne. Na janye.

Abban Sadiq: Akwai mai cewa a fita Laos ko Kambodiya a dawo. Kar ma a fara. Wannan na masu fasfon ƙasashen da aka yafe wa biza ne. A Yulin 2024 ƙasashe 93 aka sa a jerin, Najeriya ba ta ciki. In kuka fita, ƙofa ta rufe.

Hajiya Umma: Alhaji barka da warhaka, a gaishe min da Hajiya. Duk an tsallake tambayar da ta fi muhimmanci. Baht 800,000 ɗin nan suna banki har yanzu? Kuma tun yaushe?

Alhaji Mai Ritaya: Suna nan Hajiya, ban taɓa su ba tun sabuntawar bara. Mako mai zuwa nake shirin tura su gida.

Hajiya Umma: To ku dakata, kar ku tura ko sisi. Mafitarku tana hannunku. Kuɗin sabunta shekara guda cif baht 1,900 ne, daidai da na kwana 7 ɗin da ba za su ishe ku ba. Sharaɗin shi ne mutum ya kai shekara 50, kuma 800,000 su yi wata 2 a asusunsa shi kaɗai kafin ranar nema, ko ya nuna shigar 65,000 duk wata. Kun cika. Ba wanda ya ce sai kun zauna shekarar. Ku karɓi hatiminku, ku yi Songkran ɗinku a gida hankali kwance, ku sallami masu kaya, ranar 20 ku hau jirgi da fasfo mai tsabta.

Ana karɓar nema tun saura kwana 30, wasu ofisoshin ma 45, kuma sabuwar shekarar daga ranar ƙarewar tsohuwa take farawa, don haka zuwa da wuri ba ya cinye muku kwana ko ɗaya. Ni da a ce ni ce, wannan makon zan je ofishin shige da fice na Bangkok da ke Chaeng Watthana. Ranar 6 ga Afrilu hutun Chakri ne, ga Songkran a gaba, layi yana tsawo sosai a farkon Afrilu.

Abin da nake ɗauka duk shekara: wasiƙar banki mai tabbatar da abin da ke asusu, littafin banki da aka sabunta a ranar, kwafin duk shafukansa, rasit na TM.30, takardar haya, da taswirar hanyar gida da ake zanawa da hannu. Kafin in shiga layi nakan zuba baht 100 a asusun in buga littafin a na'ura, don layin ƙarshe ya fito da kwanan watan ranar. Kowane kwafi ku sa masa hannu. Ita Hajiya ba a neman kuɗi daga gare ta, amma sai ta zo da takardar aure irin wadda kuka nuna bara, kuma ku je tare, don nata ba ya fita sai naku ya fita.

Malam Ɗan Jomtien: Hajiya Umma ta kawo mafita. Tambaya biyu kawai, Alhaji. Asalin bizar da kuka shigo da ita nau'in O ce ko nau'in O-A? In O-A ce, ba za a sabunta ba sai da inshorar lafiya, wadda tun 2021 aka ɗaga ta zuwa ta baht miliyan 3. Sayen inshorar shekara don kwana 11 asara ce, gara canja tikiti. Ta biyu, yaushe fasfo ke ƙarewa? Ba sa ba da izinin da ya wuce ranar ƙarewar fasfo.

Alhaji Mai Ritaya: O ce, Malam. Fasfo kuma da sauran shekara biyu, mu duka.

Abban Sadiq: Ni ina da ja a wuri ɗaya. Sharaɗin kuɗin bai ƙare da buga hatimi ba. Dole 800,000 su zauna wata 3 bayan an ba da izini, daga nan kar su gaza 400,000 har sauran shekarar. Kuma ana sa mutum ya sa hannu cewa ya ji ya yarda. Alhaji ya ce tura kuɗin zai yi. In ya karɓi shekara yau ya kwashe gobe, ya saɓa abin da ya sa wa hannu. Na san za a ce tafiya zai yi, wa zai duba. Ni dai ba na son dattijo ya sa hannu a alkawarin da ya san ba zai cika ba. Na fi son ya kira kamfanin jirgin ya dawo da tafiyar baya zuwa 8 ko 9 ga wata, ya bar wa wani amintacce maganar kaya da makulli. Ko ya haɗa biyu: ya karɓi kwana 7, ya matso da jirgi zuwa 14 ko 15.

Hajiya Umma: Maganarka tana kan hanya, Abban Sadiq, ban ce ya kwashe ba. Amma barin kaya a hannun wani ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin ajiyar haya na wata biyu da masu gidaje ke riƙewa, in ba kana tsaye aka duba gidan ba, da wuya ya dawo cikakke. Kuma kwana 7 ɗin nan da ake ta ambato, rubutun da ke kansa cewa yake an ƙi amincewa da buƙatarka. Ba laifi ba ne, amma yana nan a fasfo, duk ofishin jakadancin da ya buɗe shafin zai gani. In akwai hanya mai tsabta a farashi ɗaya, me zai kai mutum can?

Kawu Mai Duwatsu: Ku bar ni in sa baki, don na ga 'yan uwa da yawa sun yi sallama da ƙasar nan sun dawo. Alhaji, kun tabbata ba za ku sake takowa ba? Ba asibitin da kuke gani a nan? Ba wanda kuke bi bashi? Idan izinin ya mutu, daga farko za ku faro: neman sabuwar biza daga gida, takardar wankewa ta NDLEA, jira, sannan a sake tara kuɗin a bankin Tailan, ga shi buɗe asusu ga baƙo ya ƙara wuya yanzu. Abin da ke hannunku ya fi ƙarfin a yar da shi saboda kwana 11.

Shawarata: ku sabunta shekarar yadda Hajiya ta ce, a ranar kuma ku cika fom TM.8 ku karɓi izinin sake shigowa. Na shiga ɗaya baht 1,000 ne, na shiga da yawa 3,800. A filin jirgi ma akwai teburinsu, amma kar ku bari sai ranar tafiya da kaya a hannu. In kuka fita ba shi, shekarar ta mutu a daidai lokacin da aka buga muku hatimin fita. Kuɗin kuma ku bar su har ƙarshen Yuli, kun cika wata 3 ta kowace irin ƙirga. Daga nan ku ɗebi rabi. In shekara ta zagayo ba ku ji sha'awar dawowa ba, ku kwashe sauran, izinin ya ƙare da kansa. Kun ga ba ku saɓa wa kowa ba, damuwar Abban Sadiq ma ta kau.

Abban Sadiq: In haka ne na yarda. Sharaɗin dai Alhaji bai matsu da kuɗin a gida ba.

Autan Zaure: Baba, na ji ana ba da kwana 60, kuma akwai na rashin lafiya. Ba su shafe ku ba?

Malam Ɗan Jomtien: Kwana 60 na mai mata ko ɗa ɗan ƙasar Tailan ne. Na jinya kuma sai likita ya rubuta cewa mutum ba zai iya tafiya ba, kuma suna bincikawa. Duk wani ɗan kamasho da ya ce zai samo muku takardar asibiti kuna lafiya lau, ku guje shi. Wannan aikin ma ba ya buƙatar ɗan kamasho, takardunku a cike suke.

Alhaji Mai Ritaya: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da uwargida mun duba. Ginin da ake mana a gida zai iya jira zuwa Yuli, kuma ita tana da likitan ido a nan da take son sake gani a ƙarshen shekara. Za mu bi ta Hajiya da Kawu. Litinin zan je banki karɓar wasiƙa, in Allah Ya yarda. Abu ɗaya ya rage min: rahoton adireshi da nake kai wa ofishin shige da fice duk kwana 90 zai faɗo a watan Mayu, muna gida. Sannan ta yaya zan motsa kuɗin daga can?

Hajiya Umma: Rahoton ba ya kanku in kuna waje. Fita tana goge ƙirgar, ranar da kuka sake shigowa ita ce rana ta ɗaya. Ku dai tuna tun Mayun 2025 akwai katin isowa na intanet, TDAC, da ake cikawa cikin kwana 3 kafin a sauka.

Maganar kuɗi kuwa, wasiƙar bankin kar ku karɓe ta ku ajiye, ku karɓa ranar da za ku je ofis ko ana gobe. Tun kuna wurin ku zauna da ma'aikacin banki ya nuna muku yadda ake tura kuɗi waje ta manhajarsu, da iyakar abin da za a iya turawa a rana, kuma a ɗauki hoton fuskarku a reshen, don babban kuɗi ba ya fita ta waya sai da shi. Layin wayarku na Tailan kuma kar ku bari ya mutu, ta nan lambar tabbatarwa ke zuwa. Ku je shagon kamfanin layin a buɗe muku karɓar saƙo a ƙasar waje, ku ƙara masa kwanakin aiki har su kai shekara. Ku gwada tura ɗan kaɗan gida tun kuna Bangkok, in da matsala a gyara kafin ranar 20.