Yaya zan tsayar da farashin hoton mutum alhali masu garaɓasa sun karya kasuwa?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton mutane, na ɗaiɗaiku da na iyali da na masu kammala karatu, kuma tun farko na yanka farashina ne bisa abin da na ga takwarorina suna karɓa. A 'yan watannin nan wasu sun cika Facebook da Instagram da tallan garaɓasa, suna alƙawarin zaman ɗaukar hoto da hotuna masu yawa a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na nawa ba. A makon jiya wata kwastoma ta turo mini tallan, ta tambaye ni dalilin da ya sa nawa ya fi tsada, kuma ban sami amsar da ta gamsar da ni ba, balle ita. Shin in rage farashi in bi sahunsu, ko in tsaya a inda nake ina kallon ciniki yana wuce ni?

Tsohon Mai Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar ta fara tun kafin masu garaɓasa su zo, domin ka ce farashin takwarorinka ka duba ka yanka naka. Farashin da aka aro daga wani, mai shi ba ya iya kare shi idan an tambaye shi, tunda bai san abin da ke cikinsa ba.

Ka ɗauki takarda ka rubuta awannin da aiki ɗaya yake ci maka. Kwastoma awa ɗayan da ya yi a gaban kyamara kaɗai yake gani, amma kafin wannan awar ka amsa saƙonni, ka shirya fitilu da bango, ka caja batura, wani lokaci ka yi tafiya. Bayanta kuma ka kwashe hotuna zuwa kwamfuta, ka tace ɗaruruwa ka fitar da kaɗan, ka daidaita haske da launin fata ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tura ko ka kai a wanke. A wurina zaman awa ɗaya ba ya kasa cin awa biyar. Bayan haka ka tara abin da kake kashewa a shekara ko an zo ko ba a zo ba: haya, intanet, kuɗin manhajar gyaran hoto irin su Lightroom da Photoshop waɗanda biyan wata-wata ake yi musu, da ma'ajiyar hotuna. Kada ka manta da kyamarar kanta. Ƙofar da ke buɗewa ta rufe a cikinta duk lokacin da ka danna tana da adadin dannawar da kamfani ya ƙiyasta mata, a kyamarori da yawa daga 100,000 zuwa sama, don haka kowane aiki yana cin wani abu daga rayuwarta. Ka ƙara albashin da kake son biyan kanka, ka raba jimillar da yawan ayyukan da za ka iya yi a shekara ba tare da ingancin ya faɗi ba. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka.

Game da ragi kuwa, lissafin ya fi muni fiye da yadda ake zato. A ce cikin kowane ɗari da ka karɓa, saba'in kuɗin aiki ne, talatin riba. Idan ka rage ashirin, kuɗin aikin yana nan yadda yake, ribar ce ta koma goma, wato sai ka yi aiki uku kafin ka sami abin da aiki ɗaya yake ba ka a da. Idan kuma ka sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku kamar yadda suke yi, uwar kuɗi kake ci.

Mai Situdiyo ta amsa:

Na yarda da lissafin Malam, sai dai ina ganin bai kamata a ɗauka cewa duk mai garaɓasa asara yake yi ba, domin wasunsu sun san abin da suke yi sarai. Farashin da ke kan talla na jawo mutum ne ya shigo. Zaman minti goma ne, fitila ɗaya, bango ɗaya, mutane suna bin layi, kuma idan kwastoma ya ga hotunansa ya so fiye da biyu ko ukun da aka yi masa alƙawari, sai a sayar masa da sauran ɗaya-ɗaya. Wannan sana'a ce ta yawa, tana buƙatar wuri da ma'aikata da jama'a masu shigowa kullum, kuma ko manyan kamfanoni ba su tsira a cikinta ba. A watan Afrilun 2013 kamfanin CPI, wanda ke gudanar da situdiyoyin hoto masu rahusa a cikin kantunan Sears da Walmart a Amurka, ya rufe fiye da 2,000 a lokaci guda. Mutum ɗaya mai kyamara ɗaya ba shi da ƙarfin shiga wannan tsere.

Akwai kuma masu bi ta shafukan rangwame. Tsarin da Groupon, ɗaya daga cikin irin waɗannan shafuka, ya shahara da shi bayan kafa shi a Shikago a 2008 shi ne mai sana'a ya zabge rabin farashi, sannan kamfanin ya ɗauki kusan rabin abin da ya rage a matsayin la'ada, mai aiki ya tashi da kashi ɗaya cikin huɗu. Fatan da ake yi shi ne kwastoma ya dawo ya biya cikakken kuɗi. Ni na gwada garaɓasa sau ɗaya da kaina, kuma abin da na gani shi ne wanda araha ta kawo, araha ce take mayar da shi wani wuri. Waɗanda suka dawo mini ma farashin garaɓasar suka riƙa nema, har tsofaffin kwastomomina suka fara jin cewa a da na cuce su. Wannan na ƙarshe ya fi yi mini ciwo.

Abin da ya yi mini amfani shi ne rage aikin maimakon rage kuɗin aikin. Na ware rana ɗaya a wata don gajeren zama na minti ashirin, kaya ɗaya, wuri ɗaya, hotuna uku gyararru, mutane shida ko bakwai a jere, ta yadda shirin fitilu sau ɗaya ne kawai. Kuɗinsa kaɗan ne, amma kowace awa tawa a ranar tana kawo abin da take kawowa a babban zama. Mai ƙaramin ƙarfi ya samu, kuma babban farashina bai taɓu ba.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Na yi lissafin a daren jiya, na tarar ko a farashina na yanzu da ƙyar nake biyan kaina. Abin da ya rage mini shi ne amsar da zan bai wa mai turo mini tallan wani, domin ba na son in kushe abokan sana'a.

Tsohon Mai Hoto ya amsa:

Kada ka kushe kowa, ƙanena, kuma kada ka ce mata araha ba ta ado, ko da ka yarda da hakan, domin za ta ji kamar ita ka raina. Ka ce mata tayin yana da kyau ga mai son hoto cikin sauri, sannan ka ba ta tambayoyin da za ta yi musu: minti nawa ne zaman, hotuna nawa za a gyara, nawa ne kuɗin kowane ƙarin hoto, za a ba ta cikakken girman da za a iya wankewa babba ko ƙaramin da ya dace da waya kawai, kuma yaushe za ta karɓa. Daga nan ka tura mata amsoshinka na waɗannan tambayoyin a rubuce, tare da hotunan zama ɗaya cikakke da mai shi ya yarda ka nuna, domin zaɓaɓɓen hoto ɗaya kowa yana da shi, amma ashirin masu kyau daga zama guda su ne shaidar hannu.

Idan ta ce kuɗinta ba su kai ba, ka nuna mata gajeren zama irin na Hajiya. Idan ta amince, ka karɓi kafin alƙalami kafin ka riƙe mata rana, kuma ka rubuta a takardar yarjejeniya adadin hotunan da ranar da za ka miƙa su.