Dan Allah me ake amsawa idan Bature ya ce "would you mind"?

Maman_Haidar:
Salam 'yan uwa, masu Turanci ku taimaka min. Ina aiki ta intanet da wata 'yar Ingila, jiya ta turo min saƙo wai "would you mind checking this?" ni kuma da zuciya ɗaya na rubuta mata yes, nufina zan duba, kawai sai ta ce ba komai bari ta nemi wani. Wallahi abin ya tsaya min a rai don ban so ta ɗauka ƙi na yi. Ina kuskuren yake? Kuma ya ake nuna mutum ya yarda da son ransa, ba dole aka masa ba?

Malam_Ticha:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kalmar mind ɗin ce ta rikita ki, a nan ma'anarta damuwa, wato tambayarki take ko zai dame ki ki duba. Da kika ce yes kin ce mata eh zai dame ni kenan. Amsar yarda ita ce "not at all" ko "no, happy to". In kina so ta ji da gaske ranki ya so, ki ce "I'd love to" ko "I'd be glad to", waɗannan biyun duk inda kika je za su fisshe ki. In ta gode miki bayan kin gama sai ki ce "my pleasure", ya fi "you're welcome" nuna jin daɗi.

Abu_Yasir:
Gaskiya Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi tunda 'yar Ingila ce. Mutanen nan ba sa cika baki in abu ya musu daɗi, za ki yi aiki mai kyau sosai mutum ya ce "not bad" ki zauna kina tunanin ya raina, alhali yabo ne. Ɗan Amurka kuwa abu kaɗan sai "awesome", in ka roƙe shi abu ya ce "sure thing" ko "you bet". "No worries" da ya cika ko'ina yanzu da 'yan Ostireliya aka san shi. Amma ki kiyayi "I don't care" in an ba ki zaɓi, a Amurka yana wucewa da ma'anar duk ɗaya ne, a kunnen ɗan Ingila kuwa kamar kin ce ba ruwana ne, su "I don't mind" suke cewa.

Zee_Baby:
Ni dai Anti kar ki riƙa tura "ok" ko "fine" su kaɗai a rubuce, ba murya ba fuska sai ya fito kamar kina fushi. Ki ɗan ƙara "sounds great" ko "of course".

Maman_Haidar:
Allah ya saka da alheri. Na mata bayani yanzu na ƙara da "I'd be glad to", har ta sake turo min aikin. Malam, "I'd love to" ɗin ya dace a wajen aiki ko sai tsakanin ƙawaye?

Malam_Ticha:
Ya dace Hajiya, har ga shugabanki ma.