Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan Turunku

Ga abin da na tattaro daga maganganun jama'a game da Turunku, hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna.

1. An yi ittifaƙi cewa sarautar Zazzau ta zauna a Turunku kafin ta koma wajen dutsen Kufena da birnin Zariya, kuma duwatsun da ke kusa da Turunku ne suka ba mutanen farko mafaka daga mahara.

2. Inda aka rabu shi ne kan Bakwa Turunku. Wasu sun tsaya a kan cewa mace ce, mahaifiyar Sarauniya Amina, wasu kuma suka ce namiji ne, mahaifinta, kuma kowane ɓangare da abin da ya ji daga bakin kakanninsa. Shekarar 1536 da ake yawan ambata a matsayin farkon mulkin Bakwa, an ba da shawarar a riƙe ta a matsayin kiyasi. A ganina wannan ya fi zama daidai.

3. Mai niyyar hawa dutsen Turunku ya fara gaida masu gari, ya nemi ɗan jagora, ya kuma je da rani, domin da damina ciyawa kan rufe sawu, dutse kuma ya yi santsi.

4. Da yawa sun roƙi matasa su naɗi muryoyin dattawa a waya tun suna raye, manoma kuma su daina shigar da garma cikin kufai.

5. Batun jawo baƙi masu yawon buɗe ido bai samu matsaya ba, saboda wasu na ganin gyaran hanya da tsaro ne ya kamata su zo gaba.