Kyamarata ta faɗi ta lalace, wacce zan saya?

Mai hoton biki, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗaukar hoto a wuraren mata, kamu da walima da suna. Ranar Asabar yara suna guje-guje suka ture ƙafar kyamara, Canon 600D ɗina ta sha ƙasa. Tana kunnuwa amma ba ta ɗauka, madubin ciki ya maƙale. Mai gyara ya ce har da allon wuta, kuma kuɗin da ya faɗa ya kusa kai na ta hannu. Abin da ya tsira: lens 18-55 da 50mm, batura uku da filasha. Ga bukukuwan bayan sallah sun matso. Wasu na cewa in koma Sony, wasu in haƙura da iPhone. Don Allah ku ba ni shawara.

Baba mai studiyo: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai ki ɗaura lens ɗin da ke kai lokacin faɗuwar a kyamarar wani, ki ga ko yana kama fuska daidai. Sau da yawa shi ne ke fara shan wahala. In duka biyun lafiya suke, to kada ki bar Canon, domin dukiyarki tana cikin lens ɗin nan. Kika koma Sony ko Nikon, galibi sai kin sake saye daga tushe. Gyaran kuwa ni ban goyi baya ba. 600D tun 2011 ta fito, ki zuba kuɗi yau, gobe shota, wato labulen ciki da ke buɗewa ya rufe duk ɗaukar hoto, ta ce ga garinku.

Ɗan Zazzau: Hajiya ki nemi 700D ta hannu. Batirinta LP-E8 ne, irin naki sak, caja ɗaya, maɓallai kusan wuri ɗaya. Ranar da kika saya ranar za ki fita aiki.

Abu Hanif: Ɗan Zazzau, 700D ai megafiksel 18 ce kamar tata, ta 2013 kuma. Tafiya ce ba ci gaba. In aljihu zai ɗauka, 80D ta fi: megafiksel 24, jiki mai ƙwari da aka toshe wa ƙura, batiri ɗaya yana kusantar hoto dubu. Mai aiki a hunturun Kano ya san darajar wannan. Kuma tana bin fuska a bidiyo, tunda yanzu kowace amarya sai ta nemi ɗan bidiyon sa wa a Instagram. Aibinta nauyi, kuma baturanki ba za su shiga ba. In nauyin ya dame ki, 250D ƙarama ce, ita ma 24 ce.

Mai hoton biki, Kano: Na gode. To waɗannan marasa madubin fa? An nuna mini M50, ta burge ni.

Abu Hanif: M50 tana hoto mai kyau, amma Canon ta daina yin wannan layin na EF-M, sabbin lens ba za su ƙara fitowa ba. In marar madubi kike so, R50 ce hanyar, ta 2023. Da adafta ta EF-EOS R duka lens ɗinki za su yi aiki. Sai dai ki shirya wa batiri, yana saurin ƙarewa, kuma ki tambaya kan filasharki, don mazaunin filasha na R50 sabon salo ne, tsofaffi sai da wata adaftar daban. Ki haɗa lissafin duka kafin ki ce ta yi araha.

Maman Ilham: 'Yar uwa, maganar iPhone ki ajiye ta. Na gwada a wani kamu, zauren ba haske, hotunan kamar an shafa musu mai. Ga uwar amarya tana kallona wai ita ma tana da waya, me za ta biya.

Baba mai studiyo: Tunda ta hannu ake magana, ga abin dubawa. Ki sa a nuna miki adadin bugun shota a kwamfuta. Irin waɗannan ana ƙiyasta musu wajen bugu dubu 100 a rayuwarsu, wadda ta yi aikin biki shekaru tana iya cinye rabi. Ki ɗauki farin bango a f/22, wato ki matse ƙofar hasken lens sosai, ki buɗe hoton, duk ƙurar sensa, farantin ciki da ke kama hoto, za ta fito. Ki haska tocila a bakin lens ki ga ko akwai fumfuna, musamman kayan da suka zauna a Legas. Ki je da katinki na memori da lens ɗinki, kada ki tura kuɗi don hoton da aka turo miki a WhatsApp. A rubuta miki lambar jikinta a rasit, saboda kayan sata.

Ɗan Zazzau: Tsohuwar kuma kada ki yar. Masu gyara suna sayen gawa don allo da murfin batiri, ko kuɗin sabon kati za ki samu.

Mai hoton biki, Kano: Allah ya saka da alheri. Na gwada lens ɗin a kyamarar maƙwabcina, 50mm lafiya lau, 18-55 ne ke yin ƙara in yana juyawa. Zan fara neman 80D jiki kawai ba lens, in ta fi ƙarfina in ɗauki 700D in fita wannan kakar. Baba, in na samu zan turo adadin shotar ka duba mini kafin in biya.