Otomatik ko na batir? Ku ba ni shawara kafin in saya

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Aikin jinya nake yi, ina neman agogo mai hannun daƙiƙa saboda ƙirga bugun jinin marasa lafiya. Na rasa na zaɓa tsakanin Seiko 5 otomatik da wani Casio na batir. Hannuna kullum cikin ruwa yake, kuma ranakun hutu ba na ɗaura agogo. Wanne zai fi mini?

Mai Tara Agogo: Wa alaikumus salam. Otomatik mana, Hajiya! Motsin hannunki ne abincinsa. Kara shi a kunne ki ji yadda yake tafiya. Irinsa ake bar wa jikoki.

Injiniya: Malam, jikoki ta tambaya? Tun Disamban 1969 da Seiko ta fitar da Astron, agogon hannu na batir mai aiki da ɗan dutsen kwatz na farko da ya shiga kasuwa, aka gama wannan gardama. Ɗan dutsen da ke cikin na batir yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda, kuskurensa bai cika wuce daƙiƙa 15 a wata ba. Shi kuwa otomatik, ko wanda aka tantance a Suwizalan, an yarje masa jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar 6 a kowace rana.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, bari in gaya miki abin da ya same ni. Agogon mahaifina, Allah ya jiƙansa, na kai wa wani mai gyara a wanke a sa mai. Ya riƙe shi wata da watanni, kullum "gobe, Baba". Da ya dawo sai ya riƙa gudu kamar ana korarsa. Na kai wa wani ya buɗe, ya ce ai an kwashe rabin kayan cikinsa an cusa na jabu. Na koma, mutumin ya rantse haka na kawo shi. Kuɗin da na kashe ya fi na sabon agogo, ga shi nan a durowa.

Mai Tara Agogo: Allah ya jiƙan magabata. Amma Baba, an cuce ka ne kawai. Ni wankin nawa bai kai kwatan kuɗinsa ba.

Ummu Sadik: Kwata? Mijina an ce masa gara ya sauya injin gaba ɗaya, ya fi arha.

Injiniya: Mai agogo cike da akwati ba zai san ciwon mai guda ɗaya ba.

Mai Tara Agogo: Kai da waya kake duba lokaci, ina ruwanka?

Ɗan Auta: Ni dai agogona lafiya lau. Ni ne otomatik, sai an girgiza ni nake tashi aiki.

Maman Hanif: Don Allah, maganar hutun fa? Otomatik ɗin zai tsaya?

Injiniya: Zai tsaya. Kimanin awa 40 yake riƙewa idan an ajiye shi, sai ki sake saiti.

Baba Mai Ritaya: Na batir ɗin ma ba ku tsira ba. Wurin canjin batir suke yar da robar murfin da ke tare ruwa, ko su mayar da ita a murɗe. Kwana kaɗan sai ka ga gumi a cikin gilashi.

Ummu Sadik: Wallahi haka aka yi wa nawa! An rubuta mita 30 a bayansa, wai zurfin ruwan da zai jure ke nan, wankin hannu kawai ya kashe shi.

Injiniya: Mita 30 ɗin nan dama na yayyafi ne, ba na iyo ba.

Ummu Sadik: To me ya sa ba su rubuta yayyafin ba? Wa zai biya ni?