Tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa da ƙaramin yaro: in teku ta tashi fa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Wane tanadi ake wa yaro ɗan shekara 3 saboda guguwa a teku?

Baban Ruwa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun wurin zaɓen ɗaki ake farawa: tsakiyar jirgi, bene na ƙasa. Goshi da saman jirgi sun fi tangaɗi. Fikafikan da ke ƙarƙashin jirgin suna rage jijjigar gefe da gefe, amma ba sa hana goshinsa hawa da sauka. In tsibiran Karibiyan da ke kusa da Amurka za ku, lokacin guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Kyaftin kan kauce mata, sai dai a tsallake wata tasha.

Anti Nas: Yara 'yan shekara 2 zuwa 12 sun fi saurin jiri. Kar ki manna masa maganin jiri na bayan kunne, na manya ne. Likita ya zaɓa masa wani, a ba shi kafin jirgi ya fara rawa. In ya yi amai, a ba shi ruwan gishiri da sukari, cokali ɗaya duk minti biyu. Kofi guda a tashi ɗaya, dawowa zai yi. A ɗauke masa waya, kallon allo na ƙara jirin.

Baban Ruwa: A kulle ƙofar baranda kuma, a kula da yatsunsa, ƙofofin jirgi nauyi gare su.